Yadda Ake Gano Matsalar Zaɓuɓɓukan Layin Umarni a Manhajar Make

Dubban matasa a Najeriya sun rungumi koyon rubuta manhajar kwamfuta a 'yan shekarun nan, musamman tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a shekarar 2023 domin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani. Duk wanda ya yi nisa a wannan karatu, ko ba daɗe ko ba jima, zai ci karo da wata tsohuwar manhaja mai suna Make, wadda aikinta shi ne harhaɗa fayilolin da aka rubuta ta mayar da su shiri guda mai aiki, ba tare da mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Ana sarrafa Make ne ta layin umarni, wato allon da ake buga wa kwamfuta umarni da rubutu. Bayan kalmar make, akan ƙara wasu gajerun haruffa masu farawa da karan ɗori, irin su -j ko -n, waɗanda ake kira zaɓuɓɓuka. A nan ne matsala ta fi yawa. Wani lokaci Make ta ƙi karɓar zaɓin, wani lokaci kuma ta karɓa ta yi shiru, ta fitar da shirin da ba shi aka nema ba. Na biyun ya fi haɗari, domin shirin zai iya kaiwa hannun masu amfani kafin a farga.

Mafi yawan waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne: rashin sanin wace manhaja ce ta karanta wace kalma a cikin layin da aka buga. Wanda ya iya rarrabe wannan, kuma ya san yadda zai sa Make ta nuna masa abin da ta fahimta kafin ya taɓa komai, ya rage wa kansa rabin wahala.

Asalin Make da yadda take yanke hukunci

Stuart Feldman ne ya ƙirƙiro Make a shekarar 1976 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Abin da ya tunzura shi shi ne yadda masu rubuta shiri ke ɓata sa'o'i suna neman kuskuren da tuni suka gyara, alhali fayil ɗin da aka gyara ne ba a sake ginawa ba. Wannan aiki ya sa ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta karrama shi da lambar yabo ta shekarar 2003. Daga baya Richard Stallman da Roland McGrath suka rubuta GNU Make, wadda ita ce ake samu a mafi yawan kwamfutoci masu tsarin Linux, kuma ita wannan bayani ya fi mayar da hankali a kai.

Make tana karanta wani fayil da akan sa wa suna Makefile, wanda ke ɗauke da ƙa'idoji. Kowace ƙa'ida tana da sassa uku: hadafi, wato fayil ɗin da ake son samarwa, abubuwan dogaro, wato fayilolin da ake buƙata kafin a samar da shi, sai umarnin da za a gudanar. Ga misali na wani ƙaramin shiri mai suna kasuwa:

kasuwa: babba.o lissafi.o
	$(CC) -o kasuwa babba.o lissafi.o

Hukuncin Make ya dogara ne kacokan a kan hatimin lokaci, wato lokacin da aka yi wa fayil gyara na ƙarshe. Idan hadafin bai wanzu ba, ko kuma ɗaya daga cikin abubuwan dogaronsa ya fi shi sabunta, sai ta gudanar da umarnin. Idan ba haka ba, ta wuce. Ba ta duba abin da ke cikin fayil, kuma ba ta tuna zaɓuɓɓukan da aka yi amfani da su a ginin da ya gabata. Wannan ɗabi'a ce ke bayyana matsaloli da dama da za a gani a gaba.

Layi ɗaya, masu sauraro uku

Layin da aka buga yana bi ta hannu uku. Na farko shi ne shel, manhajar da ke karɓar rubutun daga allo, kamar Bash ko Zsh. Shel yana yanyanka layin zuwa kalmomi a duk inda ya ga tazara, yana cire alamun zance, yana kuma fassara alamar dala. Ta biyu ita ce Make, wadda ke rarraba kalmomin da suka iso mata gida uku: mai farawa da karan ɗori zaɓi ne nata, mai ɗauke da alamar daidai gurbi ne da ake zuba wa ƙima, sauran kuma hadafi ne. Ta uku ita ce kompaila, manhajar da ke juya rubutun shiri zuwa yaren na'ura, kamar GCC ko Clang, wadda ba ta ganin komai sai abin da Make ta miƙa mata.

A ɗauki wanda ke son miƙa wa kompaila zaɓuɓɓuka biyu, ya buga:

make CFLAGS=-O2 -g

Shel zai raba wannan a wurin tazarar, don haka -O2 ne kaɗai zai shiga gurbin CFLAGS, shi kuwa -g zai faɗa hannun Make, wadda ba ta san shi ba, sai ta ƙi aiki. Wannan ma da sauƙi, tunda an ga kuskuren. Da a ce -s aka rubuta a madadin -g, da nufin kompaila ta rage girman shirin, Make za ta karɓe shi a matsayin nata, domin a wurinta -s na nufin ta yi aiki shiru. Ginin zai kammala, babu ƙorafi, kuma abin da aka nema bai faru ba. Maganin shi ne a killace ƙimar da alamun zance:

make CFLAGS="-O2 -g"

Irin wannan ne ke faruwa idan aka sa tazara a gefen alamar daidai. A cikin Makefile an yarda a rubuta CC = gcc da tazara, amma a layin umarni shel zai mayar da shi kalmomi uku, sai Make ta tsaya tana ƙorafin an ba ta gurbi marar suna.

Haka kuma wanda ke son miƙa zaɓi ga shirin da ya gina, ya buga make run --port=8080, to Make ya bai wa, ba shirinsa ba. Hanyar da aka saba ita ce a tanadi gurbi a cikin Makefile, misali ARGS, a sa shi a gaban sunan shirin, sannan a buga make run ARGS="--port=8080".

Akwai kuma tarkon kwafowa daga intanet ko daga takardar Word. Waɗannan sukan mayar da karan ɗori zuwa dogon layi mai kama da shi. Ido ba ya saurin bambancewa, amma Make ba ta ɗauki dogon layin a matsayin farkon zaɓi ba, sai ta zaci hadafi ne, ta amsa da saƙon No rule to make target, wato ba ta da ƙa'idar gina shi. Duk lokacin da wannan saƙo ya ambaci abin da ya yi kama da zaɓi, a goge karan ɗorin a sake buga shi da hannu.

Wace Make ce ke kan kwamfutar?

Kafin a zurfafa bincike, umarnin farko shi ne make --version. Dalili kuwa shi ne ba kowace Make ce GNU Make ba, kuma sigoginta sun bambanta. Kwamfutocin Apple masu tsarin macOS suna zuwa da siga ta 3.81, wadda ta fito tun 2006. Wannan siga ba ta san --trace ko -O ba, domin an ƙaro su ne a siga ta 4.0 a shekarar 2013, balle --shuffle da ya zo a siga ta 4.4 a watan Oktoban 2022. Wanda ya girka sabuwar siga ta hanyar Homebrew zai same ta da sunan gmake, kuma idan ya ci gaba da buga make, tsohuwar ce za ta amsa.

A tsarin FreeBSD, kalmar make tana kiran wata Make ce ta daban mai nata ƙa'idoji, ita kuwa ta GNU sunanta gmake. A Windows akwai nmake ta kamfanin Microsoft, wadda ita ma zaɓuɓɓukanta daban ne. Saboda haka idan umarni ya yi aiki a kwamfutar malami ya ƙi a ta ɗalibi, a fara kwatanta sigogi kafin a zargi Makefile.

Tambaya ta biyu ita ce wane fayil Make ta karanta. Idan ba a ba ta -f ba, tana neman GNUmakefile ne da farko, sannan makefile da ƙaramin baƙi, sannan Makefile. Idan akwai biyu a folda ɗaya, mutum zai iya kwana yana gyara wanda ba a karantawa. Zaɓin -C kuma yana sa ta shiga wata folda kafin ta karanta komai, don haka make -C src -f gina.mk zai nemi gina.mk ne a cikin src, ba a inda aka tsaya ba.

Babban baƙi da ƙaramin baƙi

Zaɓuɓɓukan Make suna bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma ma'anarsu takan yi nisa da juna. Ƙaramin -i yana nufin a yi watsi da kurakurai, babban -I kuma yana nuna foldar da za a nemi ƙarin fayilolin Makefile. Ƙaramin -o yana sa a ɗauki wani fayil a matsayin tsoho kada a sake gina shi, babban -O yana tsara yadda saƙonni ke fitowa. Ƙaramin -w yana buga sunan foldar da ake ciki, babban -W yana sa a ɗauka wani fayil ya sabunta. Babban -B yana tilasta a sake gina komai, amma ƙaramin -b ana karɓar sa ne a yi watsi da shi, domin dacewa da tsofaffin sigogi. Wanda ya buga -b yana nufin -B ba zai ga ƙorafi ba, kuma ba zai ga sabon gini ba.

A cikin rubutun da za a ajiye don amfanin wasu, ya fi kyau a yi amfani da dogayen sunaye, kamar --always-make a madadin -B, ko --keep-going a madadin -k, domin kuskure a cikinsu ba ya ɓoyuwa.

Wace ƙima ce ke rinjaye?

Gurbi ɗaya yana iya samun ƙima daga wurare da dama, kuma akwai tsarin fifiko. Mafi rauni ita ce ƙimar asali da Make ta zo da ita, kamar yadda CC ke nufin cc. Sama da ita akwai ta muhallin shel. Sama da wannan akwai wadda aka rubuta a cikin Makefile. Ta layin umarni ta rinjayi dukkan waɗannan. Babu mai rinjayar ta sai layin da aka fara da kalmar override a cikin Makefile.

Wannan tsari ne ya sa layukan nan biyu, duk da kamanninsu, ba ɗaya ba ne:

CFLAGS=-g make
make CFLAGS=-g

Na farko ya sa ƙimar ne a muhallin shel, don haka idan Makefile ya ambaci CFLAGS da alamar daidai, ƙimar Makefile ce za ta yi aiki. Na biyu ya sa ta a layin umarnin Make, don haka ta shafe duk abin da Makefile ya ce.

Shafewar nan ta haɗa har da layukan ƙari. Idan Makefile yana da CFLAGS += -Iinclude, wanda ke nuna wa kompaila inda fayilolin kanu suke, wato fayiloli masu ƙarewa da .h, to bayar da CFLAGS a layin umarni zai sa a tsallake wannan ƙari, sai kompaila ta fara kukan ba ta ga fayilolin ba. Mai rubuta Makefile zai iya magance wannan ta rubuta override CFLAGS += -Iinclude, ko kuma ya ajiye zaɓuɓɓukan dole a wani gurbi na daban ya bar CFLAGS ga mai amfani, kamar yadda ƙa'idojin rubuta manhaja na GNU suka ba da shawara.

Alamar ?= tana zuba ƙima ne kawai idan gurbin ba shi da wata. Tana da nata tarko: rubuta CC ?= clang ba ya canza komai, tunda Make ta riga ta bai wa CC ƙimar asali. Zaɓin -e kuma yana ɗaga muhallin shel sama da Makefile, abin da ke sa gini ya dogara da duk abin da ya taru a muhallin mutum, shi ya sa masana ba sa son amfani da shi. Sannan umarnin sudo yakan share mafi yawan gurabun muhalli saboda tsaro, don haka ƙimar da aka sa a muhalli kan ɓace a lokacin sudo make install, alhali wadda aka rubuta bayan kalmar make tana nan.

Idan ana shakka, sai a tambayi Make da kanta. A sa wannan layi a ƙarshen Makefile na ɗan lokaci:

$(info $(CFLAGS) daga $(origin CFLAGS))

Za ta buga ƙimar da kuma inda ta fito, ko daga layin umarni, ko muhalli, ko fayil, ko ƙimar asali.

Idan Make ta ce babu aikin yi

Saƙon is up to date, wato komai yana daidai, yana daga cikin abubuwan da suka fi rikita sababbin shiga. Mutum ya canza CFLAGS, ya sake buga make, ta ce babu abin yi. Gaskiya ta faɗa bisa ƙa'idarta, domin babu fayil ɗin da hatiminsa ya canza. Dole ne a share tsofaffin guntaye da make clean, ko a tilasta gini da -B. Idan ba a yi haka ba, aka gyara fayil ɗaya kawai, shirin zai fito rabi da sabon zaɓi rabi da tsoho. Manyan ayyuka irin su ƙashin bayan Linux sun magance wannan ta hanyar ajiye umarnin da aka gina kowane fayil da shi, domin a kwatanta a gini na gaba.

Dalili na biyu shi ne karo da suna. Idan akwai hadafi mai suna test kuma akwai folda mai wannan suna, Make za ta ga foldar ta ce an riga an gina. Ana warware wannan da layin .PHONY: test clean, wanda ke sanar da ita cewa waɗannan sunayen aiki ne, ba fayiloli ba.

Dalili na uku shi ne fayil ɗin kanu da ba a ambata cikin abubuwan dogaro ba. Idan aka gyara lissafi.h kuma ƙa'idar ba ta ambace shi ba, Make ba ta da labari. Zaɓuɓɓukan -MMD da -MP na GCC suna sa kompaila ta rubuta jerin dogaron da kanta, sai a shigo da shi cikin Makefile.

Ga masu aiki a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, akwai ƙarin dalilai biyu. Idan aka katse Make da Ctrl da C, takan goge fayil ɗin da take tsakiyar rubutawa. Amma idan wuta ce ta ɗauke, ba ta da zarafin yin haka, sai a bar guntun fayil mai sabon hatimi, wanda za ta ɗauka cikakke ne a gini na gaba. Bayan irin wannan yankewa, a share a sake. Haka nan idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu, agogon kan koma baya, sai fayiloli su zama kamar an rubuta su a nan gaba. Make takan yi gargaɗi da kalmomin Clock skew detected. A gyara agogo tukuna, sannan a sake ginin daga farko. Yana da kyau kuma kowane Makefile ya ƙunshi layin .DELETE_ON_ERROR: domin a riƙa goge hadafin da umarninsa ya gaza a tsakiya.

Zaɓin -j da rikicin aiki tare

Zaɓin -j yana ba Make damar gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda. Buga make -j4 na nufin ayyuka huɗu. Buga -j ba tare da lamba ba kuwa na nufin babu iyaka, kuma a babban aiki hakan yana iya cinye ƙwaƙwalwar RAM har tsarin Linux ya fara kashe ayyuka da ƙarfi. Alamarsa ita ce kalmar Killed ko lambar kuskure 137. A kwamfutar da RAM ɗinta bai wuce gigabait 4 ba, rage lambar zuwa 2 ya fi sauri a ƙarshe fiye da ginin da ya mutu a hanya. Umarnin nproc yana faɗin yawan sassan sarrafawa da kwamfutar ke da su, shi ya sa ake yawan ganin make -j$(nproc). Zaɓin -l kuma yana hana fara sabon aiki idan nauyin da ke kan na'urar ya wuce lambar da aka bayar.

Matsalar da ta fi wuyar ganewa ita ce ginin da ke tafiya lafiya ba tare da -j ba, amma ya riƙa faɗuwa jefi-jefi idan an sa shi. Kusan kullum laifin na Makefile ne. Idan Make na aiki ɗaya bayan ɗaya, tana bin abubuwan dogaro daga hagu zuwa dama, don haka fayil ɗin da aka manta ba a ambata ba yakan samu a kan lokaci bisa sa'a. Da zarar ayyuka sun tashi tare, sai wani ya nemi abin da ɗan'uwansa bai gama rubutawa ba.

Hanyar tabbatarwa ita ce a share, a gina da -j1. Idan ya yi, to akwai dogaron da ba a rubuta ba. Siga ta 4.4 ta kawo --shuffle, wanda ke hautsina jerin da gangan domin asirin irin wannan giɓi ya tonu, kuma idan gini ya faɗi yana buga lambar hautsinin domin a iya maimaita shi daidai. Zaɓin -O yana tattara saƙonnin kowane aiki wuri ɗaya kada su cakuɗe. Layin .NOTPARALLEL: yana hana aiki tare, amma wannan rufe ciwo ne kawai, maganin shi ne a rubuta dogaron da ya ɓace.

Make a cikin Make

A manyan ayyuka, Makefile na sama yakan kira wata Make a cikin ƙananan foldoji. Ana gane wannan da lambobin da ke bin sunanta a saƙonni, kamar make[1] da make[2], masu nuna zurfin kiran. Zaɓuɓɓuka suna sauka daga uwa zuwa 'ya ta wani gurbi mai suna MAKEFLAGS, amma ba duka ba: -C da -f da -o da -W ba sa sauka.

Ƙa'idar da ba a ƙetarewa ita ce a rubuta $(MAKE) a cikin Makefile, kada a rubuta make kai tsaye. Ta haka ne uwa ke gane cewa 'yarta ce ta kira, ta raba mata kason ayyukan -j. Idan aka saɓa, akan ga gargaɗin jobserver unavailable, sai ƙaramar ta koma aiki ɗaya-ɗaya. Haka nan bai dace a sake rubuta -j da lamba a kiran na ciki ba, domin hakan yana rushe rabon da aka tsara.

Shi kansa MAKEFLAGS yana iya zama maɓoyar matsala. Idan an taɓa sa shi a fayil ɗin farawa na shel aka manta, Make za ta riƙa aiki da zaɓuɓɓukan da ba a buga ba. Umarnin echo $MAKEFLAGS yana bayyana hakan nan take.

Kayan bincike da Make ta tanada

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, kuma Make tana da hanyoyin amsa tambaya. Zaɓin -n yana buga umarnan da za ta gudanar ba tare da ta gudanar da su ba. Da shi ake ganin ainihin layin da zai isa ga kompaila, a tabbatar zaɓin da aka bayar ya shiga. Sai dai akwai iyaka: layukan da ke da $(MAKE) ko masu farawa da alamar + suna gudana duk da -n, haka ma duk abin da ke cikin $(shell ...) da ake fassarawa yayin karanta fayil. Saboda haka -n ba kariya ba ce daga Makefile ɗin da ba a amince da asalinsa ba.

Zaɓin --trace yana faɗin layin da kowane umarni ya fito da dalilin gudanar da shi. Zaɓin --debug=b yana bayyana wane fayil ne ya fi wane sabunta. Shi kuwa -d yana zubo komai da komai, har ya kan yi yawa, don haka akan haɗa shi da -r domin a cire ƙa'idojin asali da ke cika allo. Zaɓin -p yana buga dukkan gurabu da ƙa'idoji yadda Make ta fahimce su, kuma make -p -f /dev/null yana nuna na asali zalla. Akwai kuma --warn-undefined-variables, mai kama kuskuren rubutu a sunan gurbi, domin Make ba ta ƙorafi idan aka kira gurbin da babu shi, wofi kawai take mayarwa.

Wasu ayyuka suna ɓoye cikakkun umarnai domin allo ya yi tsabta. A ƙashin bayan Linux da ayyukan da ke amfani da Automake, ana buɗe su da make V=1. A fayilolin da CMake ya samar, ana amfani da make VERBOSE=1. Waɗannan gurabu ne da masu aikin suka tanada, ba zaɓuɓɓukan Make ba, shi ya sa ba sa aiki a ko'ina.

Karanta saƙon kuskure

Layin ƙarshe mai taurari uku da kalmar Error ba shi ne ainihin kuskuren ba, sanarwa ce kawai cewa wani umarni ya gaza. Sababbin sigogi suna ambaton sunan fayil, lambar layi da hadafin da abin ya shafa. Lambar da ke biye ita ce wadda umarnin ya dawo da ita: 127 na nufin shel bai sami manhajar da aka kira ba, 126 na nufin ya same ta amma ya kasa gudanar da ita, galibi don babu izini, 2 kuma sau da yawa na nufin wata Make ta ciki ce ta faɗi. Ainihin dalilin yana sama, a saƙon kuskure na farko.

Saƙon missing separator kuwa ya shafi Makefile ne. Dole kowane layin umarni ya fara da maɓallin Tab, kuma editoci da yawa suna mayar da shi tazara ba tare da sanarwa ba.

Ya kamata a bambanta -k da -i. Zaɓin -k yana ci gaba da gina abubuwan da ba su dogara da wanda ya faɗi ba, kuma a ƙarshe yana sanar da gazawa, don haka yana da amfani wajen ganin dukkan kurakurai a zama ɗaya. Zaɓin -i kuwa yana ɗaukar gazawa a matsayin nasara, ya ɗora gini a kan abin da ya lalace. Amfani da shi don a wuce kuskure kamar toshe ƙararrawar gobara ne.

Tsarin da ya kamata a bi

Idan zaɓi ya ƙi yin abin da ake tsammani, a fara da make --version domin sanin siga. A duba MAKEFLAGS ko akwai ɓoyayyen zaɓi. A sake karanta layin kalma bayan kalma, ana tambayar wa zai karɓi kowace: shel, Make ko kompaila. A gudanar da -n ko --trace a ga ainihin umarnin. Idan ƙima ce ba ta shiga ba, a tambayi asalinta da origin. Idan gini ne ke faɗuwa jefi-jefi, a share a gwada -j1. Kuma a riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji, domin a san wanne ne ya yi tasiri.

Idan har aka kai ga neman taimakon wasu, a haɗa da sigar Make, tsarin kwamfutar, ainihin layin da aka buga, da saƙon kuskure na farko a rubuce, ba hoton allo ba. Cikakken jerin zaɓuɓɓukan sigar da ke kan kwamfutar yana samuwa da make --help ko man make, kuma dukkansu suna aiki ko da babu intanet.